Gonakin Mai Hatsi a Sararin Samaniya

Har yau ina nan a kan bakana cewa ban ci amanar kowa ba. Na faɗi haka tun da fari don mai karatu ya san da wa yake tafiya, kada ya kai tsakiyar labari yana jiran in share hawaye in nemi gafara. Wasa aka yi, na ci, wani ya ji haushi. Mu mun tsufa, haushin ya ƙi tsufa.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin soja ne, lokacin da arzikin man fetur ya riga ya koma labarin da manya ke ba na baya, mu kuma muna wuni a layin gidan mai muna tura babura. Ina koyar da Turanci da tarihi a wata makarantar sakandare. A Tudun Wada akwai wani dattijo, tsohon akawu, wanda ya ajiye aikin gwamnati ya sayi kwamfuta guda ya buɗe shagon buga takardu, tsakanin mai walda da mai gyaran keke. Baba muke ce masa. Can nake kai tambayoyin jarrabawa a buga mini. Shagon ɗaki ɗaya ne, fanka ɗaya, fankar kuma ta na'ura ce ba ta mutane ba. Baba ya juya ta tana kallon kwamfuta, mu kuwa zafin Sakkwato ya yi yadda ya ga dama da mu.

Wanda ya sayar masa da na'urar ya bar wani wasa a ciki, wanda ko a lokacin ya tsufa. Ni na tono shi wata rana ina jiran aiki. Gilashi ne baƙi ƙirin an watsa masa taurari, kamar an ɓarar da gero a kan kwalta. Kowane ɗan wasa ana ba shi duniya guda da al'umma guda, sai ya raba mutanensa: waɗannan noma, waɗannan ƙira, waɗannan karatu da bincike. Ya ƙera jirage, ya tura su neman sababbin duniyoyi, ya zaunar da jama'a a can. Akwai kuma wasu al'ummomin da na'ura ke riƙe da su da kanta, masu kan ƙadangare, da masu kama da gara, da wasu da ko mai zanen nasu bai yanke shawarar abin da suke ba. Ba a gaggawa. Ka yi tunaninka, ka danna maɓalli, shekara ta wuce a can sama. Hanyar cin wasan biyu ce: ko ka murƙushe kowa da yaƙi, ko kuwa in lokaci ya yi al'ummomin su taru su zaɓe ka shugabansu. A waɗancan shekaru, wannan ne kaɗai zaɓen da muka tabbata in an yi shi za a faɗi sakamako.

Mu uku ne 'yan wasa. Da ni, da wani likitan dabbobi na Unguwar Rogo mai baki kamar reza, da kuma mai hatsi na Ƙofar Taramniya, wanda muke ce wa Alhaji. Da Alhaji muka yi firamare, benci ɗaya, kafin mahaifinsa ya cire shi ya zaunar da shi a rumfar gero da dawa. Ni na wuce makaranta, shi ya wuce kasuwa, amma ba a taɓa yin suna ko rasuwa a gidan ɗaya ba a ga ɗaya ba. Turancinsa bai wuce na jikin buhu ba. Saboda haka duk saƙon da na'ura ta aiko masa, ni ke karanta masa in mayar da Hausa.

Kujera ɗaya ce a gaban na'ura, shi ya sa muka kafa ƙa'ida. In ɗaya ya shiga, sauran su fita su zauna a benci ƙarƙashin dogonyaro, su ba ƙofa baya, don kada wani ya ga abin da wani ke ƙullawa. Alhaji kaɗai ke shiga da ɗan rakiya: in karanta masa saƙonnin da suka taru, sannan in fito in bar shi. Daga la'asar zuwa magariba muke yi, ranakun da aka bar mana wuta. In ka lissafa, kowa ya fi daɗewa a benci fiye da kan kujera. Ainihin wasan a bencin nan aka yi shi, da baki.

Likita ne mai tada ƙura. Ya je Kano wurin surukinsa ya ga wani sabon wasa wanda ba a bi-da-bi, komai yana gudu lokaci guda, tun daga nan ya raina namu, ko da yake bai taɓa fashin zuwa ba.

"Ku kuna nan kuna kiwon taurari kamar tsohuwa da kajinta," in ji shi. "Wancan na Kano, kahin ka ƙihta ido an kashe ka."

"To mi ad daɗin a kashe ka kahin ka ƙihta ido?" in ji Alhaji. "Wanga ba wasa na ba, haɗarin mota na."

Na ce wasan da saurin yatsa ke ci, ko biri aka ba ayaba zai koye shi a mako guda.

Likita ya ce, "Biri dai zai hi ka, Malam. Shekara talatin ta sama kana binciken garkuwa, jirginka ko guda bai tashi ba. Ko a can ma takarda kaka tarawa?"

"Kai da jiragenka sunka tashi, ina sunka kwana?"

"Sun yi shahada."

"Wurin ƙadangaru," in ji Alhaji. "Likitan dabbobi, dabbobi sunka cinye."

Haka muke wuni. Mu yi musu kan wace al'umma ta fi, mu yi musu kan ko bincike ya fi noma, mu yi musu kan ko na'ura na maguɗi in an bar ta ita kaɗai da al'ummominta. Likita ya rantse tana yi. Ni ina da littafin rubutu cike da lissafi da ke nuna ba ta yi, ba wanda ya taɓa yarda ya duba shi. Mai walda da ke jin mu ya ɗauka siyasa muke yi a fakaice, har ya taɓa jan Baba gefe ya tambaye shi ko wane gwamna ne muke kira ƙadangare.

Yadda Alhaji ke wasa shi ne abin da ya fi ba ni haushi tun kafin komai ya faru. Bai taɓa ƙera jirgin yaƙi ba. Ya sami duniyoyi uku masu ruwa da ƙasa mai kyau, ya mai da su gonaki, ya cika su da rumbuna. In fari ya faɗa wa masu kama da gara, ya aika musu da abinci. In yaƙi ya ci gonakin ƙadangaru, ya aika musu. Kasuwar hatsi ya ɗauka ɗungum ya kai sama. Na ce masa waɗanda suka ƙera wasan nan sun ɓata shekaru suna zana makamai iri-iri, shi kuma ya zo yana auna dawa.

"Mai jin yunwa ba ya bin mai bindiga don so," in ji shi. "Mai rumbu shika bi."

Na ce wannan hikimar bakin kasuwa ce, tarihi bai san ta ba.

Sai dai tarihi bai ciyar da mutanena ba. Duniyoyina duwatsu ne, na kuma tura kowa makaranta, sai yunwa ta fara cinye mini jama'a daidai lokacin da iyakata ta haɗu da tasa. Na nemi sulhu. A cikin wasan akwai wurin yin wannan: ka danna nan, ɗayan ya danna can, na'ura ta rubuta. Alhaji ya ce ba haka ake yi ba.

"Ba ni sulhu da maɓalli," in ji shi. "Na'ura ba ta shaida, ba ta zuwa lahira. In kana so, kawo hannu."

Ya kira Baba ya fito daga shago, ya ce Likita ya matso. Ya faɗi sharaɗi a gabansu dalla-dalla, yadda ake yi in za a sayar da buhu ɗari: jiragena ba za su taka duniyoyinsa uku ba, shi kuma zai ciyar da mutanena har wasa ya ƙare. Ya kama hannuna ya riƙe.

"Na sallama," in ji shi. "Kai hwa?"

"Na sallama," na ce, ina dariya.

"Allah shi sa albarka," in ji Likita. "A kawo goro, an ɗaura auren biro da mudu."

Kowa ya yi dariya, har Alhaji. Bayan nan ne ya yarda aka danna maɓallin, wai don na'ura ta san abin da aka yi. Ina so a lura da dariyar nan, don daga baya an yi ta magana kamar a gaban alƙali aka yi abin, da alwala.

Wata uku ina cin hatsinsa. Da ciki ya cika, bincike ya yi kyau, na ƙera jiragen da ba wanda ya taɓa ganin irinsu a shagon Baba. Ban ɓoye ba, a benci ma ina alfahari da su. Alhaji kan ce, "Allah shi tsare hanya," ya ci gaba da nomansa.

Sai lokacin zaɓe ya matso. Na'ura kan nuna wa kowa inda zukatan al'ummomi suka karkata. Na duba, na sake dubawa, na buɗe littafina na yi lissafi. Ƙadangaru nasa ne. Masu kama da gara nasa ne. Har waɗancan marasa siffa nasa ne. Zagaye biyu ya rage a naɗa shi shugaban sama duka, wasa ya ƙare. Mutumin da bai taɓa harba ko tsinke ba, wanda in saƙon nasarar tasa ya zo sai ya juyo ya ce in karanta masa. Ba zan yi ƙarya ba, wannan na ƙarshe shi ne ya tsaya mini a wuya.

Ranar wata Laraba na shiga, na ja ƙofa. Na nemo wurin warware sulhu. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ta sake tambaya, na sake cewa. Na raba jiragena uku, na tura kowane kashi duniya guda. Ba ganuwa, ba mai gadi, ba komai. Abin bai kai shan kofin shayi ba. Na fito na zauna a benci na tambayi Alhaji yadda kasuwa take. Ya ce gero ya ɗan tashi.

Likita ya shiga ya yi nasa. Labarin yaƙi kowa na ganinsa a farkon zagayensa, saboda haka ya fito yana cizon leɓe kamar mai riƙe tari a masallaci. Ya ce, "Alhaji, bismilla." Muka tashi tare, ni da Alhaji, kamar kullum.

Ya zauna. Ɗigo uku da suka saba zama kore a gilashi sun koma launin toka. Ya daɗe yana kallonsu.

"Malam, karanta."

Ban yi tunanin wannan ba. Duk lissafin da na yi a littafi, ban sa a ciki cewa ni zan karanta masa ba. Na karanta: an kai hari duniya ta farko, gonaki sun ƙone, rumbuna sun rushe, waɗanda suka tsira sun miƙa wuya.

"Wa yak kai harin?"

"Ni na."

"A'a. Karanta min yadda tar rubuta."

Na karanta masa yadda ta rubuta, cewa al'ummata ta warware sulhu ba tare da sanarwa ba. Ya ce in karanta na biyu. Na ce duk abu ɗaya ne. Ya ce ya ji, in karanta. Na karanta na biyu, na karanta na uku, Baba yana tsaye a bayanmu da takardar wani a hannu ya manta da ita.

"To," in ji Alhaji. "Hita, in yi wasana."

Da ya fito, Likita bai bari ya zauna ba.

"Jama'a, an yi juyin mulki! Saura a sa muna kiɗan soja a rediyo, Malam shi yi jawabi."

"Rage murya, Likita," in ji Baba daga ƙofa. "Shagona na, ba naka ba."

Na yi jawabin kuwa, tun da an nema. Na ce waɗanda suka ƙera wasan su suka sa maɓallin warware sulhu, ba ni na sassaƙa shi ba. Da ba su so a danna ba, da ba su sa ba. Na ce a duk tarihin da nake koyarwa ban taɓa cin karo da sulhu tsakanin dauloli biyu da ya wuce ranar da ɗaya ta daina bukatar ɗaya ba. Na ce in kana dara wani ya cinye maka ɗa, ba ka kai shi wurin mai unguwa ka ce ɓarawo ne.

"Dara ba a ba da hannu," in ji Alhaji.

"Mutanen nan da kaka jimami zane na, Alhaji. Ɗigo na a gilashi. Ba wanda yam mutu."

"Ban tambaye ka zane ba. Hannunka zane na?"

"Wasa muka yi. Kowa ya ji ana dariya."

"Kasuwa ma ana dariya. Na sai da buhu ina dariya, na saye ina dariya. In anka ce an sallama, an sallama. Turawan da sunka ƙera abin ga ba su san ni ba, ba su ci tuwon gidanmu ba. Kai ka san ni."

Likita ya ce shi ya sa wasan Kano ya fi, ba sulhu balle a warware, kowa ya zo da wuƙarsa a fili. Ni da Alhaji muka ce masa ya yi shiru, baki ɗaya. Wannan ne abu na ƙarshe da muka yarda a kansa.

Daga nan abin ya yi tsami. Na ce wanda ya bar rumbu uku ba mai gadi ba amintacce ba ne, sakarai ne da bai haɗu da ɓarawo ba tukuna. Ya ce to yau ya haɗu. Na ce ni ba ɓarawo ba ne, ɗan wasa ne da ya fahimci wasan, shi kuwa wata huɗu yana zaune gaban abin da bai gane ba. Sannan na ƙara wadda ba ta cikin hujjojina: na ce da ya ƙare makaranta da ya iya bambanta kasuwa da daula.

Mai gyaran keke ya daina buga iska.

"Gaskiya na," in ji Alhaji. "Da na ƙare makaranta, da na koyi abin da kak koya."

Washegari na zaci ba zai zo ba. Ya zo a kan lokaci, da farar rigarsa. Ya ba Baba hannu. Ya ba Likita hannu. Ya tsallaka ya ba mai walda, ya ba mai keke, har wani baƙo da ya kawo takardar neman aiki ya samu. Da ya zo kaina ya tsaya ya ce, "Malam, ina wuni, ƙaƙa iyali?" hannunsa na dama yana cikin aljihun riga. Nawa yana miƙe. Sai na sosa kunne da shi, kamar dama can za shi.

Wanda ba ɗan gari ba ne zai ce ƙaramin abu ne. A garinmu mutum kan ba da hannu ga wanda suka fito kotu tare. A tsallake ka a gaban jama'a, ana kuma gaishe ka da baki cikin ladabi, ya fi zagi, don zagi ana ramawa.

Baba ya jure kwana huɗu yana kallon wannan, sannan ya tara mu. Ashe halin akawu bai bar shi ba: duk ranar Jumma'a yakan kwafe wasanmu a faifai ya ajiye a durowa, ba don ya damu da taurari ba, don dai bai yarda da abin da ba shi da kwafi ba. Ya ce yana iya mai da wasan inda yake Jumma'ar da ta gabaci hari. Gonaki su dawo kore, sulhu ya dawo, a ci gaba kamar ba a yi ba.

"Sai a zaɓi Alhaji," na ce.

"Sai a zaɓi Alhaji," in ji Baba. "Kai kuma ka samu hannu. Ku ba yara ba na."

Ya juya ga Alhaji. Na yi fatan ya ƙi, don laifin ya rabu biyu. Bai ƙi ba.

"In ya maido da bakinai, na mance," in ji shi. "Ba ni sake tada zancen."

Likita ya ce shi bai yarda ba, komawa baya haramun ne a kowane wasa, in haka ne shi ma a dawo masa da jiragensa da ƙadangaru suka cinye tun watannin baya. Baba ya ce ba da shi ake ba. Ya ba ni zuwa la'asar ta gobe.

Na yi tunani, ba zan ce ban yi ba. Na yi shi a aji, yara suna kwafar darasi a allo. Da la'asar na zo na ce ban yarda ba. Hujjata ita ce, kuma har yau ban ga inda ta karye ba: wasan da ake iya goge abin da ya faru a cikinsa ba wasa ba ne, zane ne a rairayi. Daɗin tsohon wasan nan, abin da ya raba shi da na Kano da Likita ke yabo, shi ne kana da lokacin tunani, saboda haka abin da ka yi naka ne, ka zauna da shi. Alhaji ya yi tunani ya ƙi ƙera jirgi, ni na yi tunani na kai hari. In an goge nawa don a ceci nasa, an hukunta wanda ya iya don a lallashi wanda bai iya ba. Kuma in na yarda a koma, na sa hannu ke nan cewa abin da na yi cin amana ne, alhali ba shi ba ne. Akwai hujja ta uku da ban faɗa a benci ba, ita ce ba na son in faɗi.

Baba ya mai da faifansa durowa. Alhaji ya ce, "To, madalla. Wa ka shiga?"

Na zaci zai bar wasan. Da ya bari, da na ce ya gudu, da kowa ya huta. Sai ya ƙi bari, kuma ya ƙi ƙera jirgin yaƙi ko guda, ko da yake har lokacin yana da halin yi. Da rumbunan suka tafi, ƙadangaru da gara suka juya masa baya kamar yadda na ce za su yi, zaɓe ya zo ya wuce ba wanda ya sami rinjaye. Saura yaƙi. Ban da ukun nan, yana da wasu ƙananan duniyoyi barkatai, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda na ci, in zagayensa ya zo, mu shiga tare, ya zauna, ya gyara hula.

"Malam, karanta."

In karanta. An kai hari, an ƙone, an miƙa wuya. Na gwada cin uku a zagaye guda don abin ya ƙare da wuri, ya sa na karanta kowace daban. Na gwada taƙaitawa, ya ce ya ga layi huɗu a gilashi, ni na faɗi biyu. Rannan na ce Likita ma ya iya Turanci, shi ya shiga.

"A'a," in ji Alhaji. "Wanda yay yi yanka shi ka hiɗa."

Likita ya ga dama ta zama jarumi, ya tattara 'yan jiragensa ya auka mini wai yana rama wa Alhaji. Zagaye biyu na share shi. Ya koma benci dindindin, ba shi da aiki sai sharhi, yana gaya wa masu wucewa cewa a nan ne ake nuna yadda mai ilimi ke cin wanda ya ciyar da shi, shiga kyauta. Na ce masa ya fi kyau ya koma wurin shanu, su ne ba sa iya ba shi amsa. Ya ce shanu ko an yi musu allura ba sa mantawa da wanda ya ba su dusa. Mako shida muka yi a haka, zafi na ƙaruwa, fanka na kallon na'ura.

Duniyarsa ta ƙarshe ita ce wadda ya fara da ita. Na ci ta wata ranar Litinin, ana gab da kiran magariba. Na'ura ta busa wani ɗan kiɗa kamar na mai sayar da alawa, ta nuna hoton wani mai alkyabba a kan karaga, taurari a bayansa. Baba ya buɗe ƙofa ya ce su shigo su gani. Suka shigo. Likita ya tafa sau biyu a hankali. Alhaji ya dubi hoton, ya ce kujerar ta yi kyau.

Ya gode wa Baba da ya ba mu wuri wata da watanni. Ya ba shi hannu, ya ba Likita. Na miƙe tsaye, na miƙa nawa sosai, yadda ba za a ce sosa kunne za ni ba.

"An gama wasa, Alhaji."

"Awo, an gama."

"To?"

Ya dubi hannun kamar yadda yake duban hatsin da aka kawo masa da tsakuwa a ciki.

"Riƙe abinka, Malam. Kana buƙatatai wurin maɓalli."

Ya sa takalmansa ya nufi masallaci. Muka bi bayansa, muka yi sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, aka sallame kowa ya kama hanyarsa.

Gari ɗaya muke har yanzu, kuma Sakkwato ba ta da girman da mutum biyu za su ɓace wa juna. Muna haɗuwa a ɗaurin aure, muna haɗuwa a jana'iza. Yakan tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsallake kowa, har jikoki. Ya ƙware: ya ba na damana hannu, ya gaishe ni da baki, ya ba na hagu, cikin santsin da baƙo ba zai lura ba. Ni ma na ƙware. In na hango farar rigarsa daga nesa, sai in mai da jarida hannun dama, in riƙe ta da kyau, don mai kallo ya ɗauka ni ne hannuna ke da aiki.